Baƙin Giris a Kan Matacciyar Waya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran ƙofofin gareji, irin manyan nan na ƙarfe da ake ɗagawa sama mota ta shige. Allah ya ba shi hannu. Daga bakin titi in ya ji kukan ƙofa zai gaya maka abin da ke damunta: taya ce ta cinye, ko hinji ya saki, ko layin da tayoyin ke bi ya lanƙwashe. Saboda saurinsa har aka manta sunansa, sai dai a ce Nan-da-nan.

Ku tsaya in gaya muku yadda ƙofar nan take, don ku gane girman abin da ya aikata. Ƙato guda ba ya ɗaga ta da ƙarfinsa. Abin da ke ɗauke da nauyinta wayar ƙarfe ce, ɗaya a kowane gefe, an tufka ta da siraran sili kamar igiya. In ta tsufa, silin sukan riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane mai gyara ya san yadda ake ganewa. Ka kama wayar da tsumma, ka ja daga sama har ƙasa. In ya wuce sumul, lafiya lau. In ya sarƙe, wayar ta mutu, sai a canja.

Nan-da-nan ya san wannan fiye da kowa. Amma canjin waya aiki ne na haƙuri. Sai ka sassauta sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke sama mai jan wayar, a hankali, ka hau tsani ka sauka, gumi na shiga maka ido, ga wasu gidajen suna jira. Shi kuwa sunan nan ya shiga kansa. Yana so a ci gaba da cewa ai kafin shayi ya huce ya gama.

To me yake yi? In tsumma ya sarƙe, sai ya lakato baƙin giris, ya shafe wayar da shi, ya kwantar da tsinkakkun silin da yatsa har su ɓace. Ƙofa ta daina kuka, waya ta yi baƙi wuluk kamar sabuwa. Sai ya goge babban yatsansa a jikin bango, ƙasa-ƙasa kusa da layi, don al'adarsa ke nan, ya ce da mai gida: "Za ta kai."

In an matsa masa da tambaya, sai ya ɗaga ido sama ya ce saura na Allah ne.

Kun ji fa! Ya ga ɓarna da idonsa, ya rufe ta da hannunsa, sannan ya jingina ta ga Ubangiji! Wannan tawakkali ne? Wallahi ha'inci ne aka sa masa hula. Kuma mu masu gidaje kada mu wanke kanmu. Mu ne muke murna in an ce mana ba sai an canja komai ba. Mu ne muke yaba sauri, ba ma tambayar inganci.

Mutum ɗaya ce ta gano shi, matarsa. Ita ke wanke masa kayan aiki. Kullum ta murza tsumman nan sai wani ɗan silin ƙarfe ya soke ta. Wata rana ta fito da yatsa yana jini, ta nuna masa. Ta ce tsummansa kullum yagagge yake dawowa, amma ba ta taɓa ganin ya ɗauki sabuwar waya daga ɗaki ba, ga su can a naɗe suna tara ƙura. Ya yi dariya, ya ce yaushe ta zama injiniya bai sani ba. Ya ce tsofaffin wayoyin da ke jikin ƙofofin za su kai.

Ta ce: "Baban yara, su kai ina?"

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

A kwanakin nan wata dattijuwa ta kira shi. Ƙofarta tana ƙara, tana karkacewa in an ɗaga. Ya ja tsumma a wayar hagu, tsumma ya tsaya cak, sai da ya fizge shi. Dattijuwar tana tsaye a kansa da kofin ruwa. Ta ce: "Duba mini da kyau, ɗana, jikokina a nan suke wasa in rana ta yi zafi." Ga ƙaramin keken yara nan jingine da bango, yana ganinsa. Ya dubi keken, ya dubi wayar, ya buɗe gwangwanin giris. Ya ce: "Za ta kai, Mama." Ta yi ta sa masa albarka har ya fita. Ya goge yatsa a bango ya tafi.

Ya 'yan uwa, Allah ya tsare yaran nan. Ba a jima ba dattijuwar ta koma wurin ɗanta, aka sayar da gidan. Sabon mai gida ya yi wa waje fenti, ya sare bishiyar da ke ƙofa, gida ya canja kama. Amma wayar tana nan. Silinta na ci gaba da tsinkewa a ƙarƙashin giris, shiru, ba wanda ya sani.

Ana nan sai sabon mai gidan ya nemi mai gyara, don tayoyin ƙasa sun cinye, hinji ɗaya ya fashe. Wa aka nuna masa? Nan-da-nan! Ya zo da rawar jiki, sauran gidajen da ke jiransa fal a ransa. Bai gane gidan ba. Ta yaya zai gane? Gidajen da ya shiga sun fi ƙarfin tunawa. Ya ɗaga kai ya ga waya baƙa wuluk, sai ya ce a ransa lalle mutanen nan suna kula da ƙofarsu. Ko tsumma bai ciro ba.

Ya ɗaga ƙofar zuwa ƙirjinsa. Mai gida ya ce ko ya kawo katako a tokare ta. Nan-da-nan ya ce haba yallaɓai, ai wayar nan giwa ma za ta ɗauka. Ya kwance hinjin, ya zare tayoyin gefen hagu daga layi, ya durƙusa ƙarƙashin ƙofar yana laluben noti.

Ƙara ɗaya aka ji, kamar an tsinka tsirkiya. Wayar hagu ta rabu biyu. Babu taya a layi da za ta riƙe, babu katako a ƙasa. Ƙofa ta karkace ta sauko gaba ɗaya a kan gadon bayansa.

Mai gida ya fita da gudu neman mutane. Shi kuwa yana kwance rub da ciki, kumatunsa a kan siminti, ba ya jin ƙafafunsa. Idonsa na kallon bango ɗaya, ƙasa-ƙasa kusa da layi, inda fenti bai kai ba. Me ya gani? Shaidar babban yatsa, baƙa, ta giris. Yatsansa! A nan ya tuna kofin ruwa, ya tuna keken yara. Ƙaryar da ya shafa wa dattijuwa ita ce ta ruɗe shi. Ta kai, ya 'yan uwa. Ta jira shi har ya dawo, ta kai shi ƙasa.

Bai mutu ba, amma bai sake takawa ba. Kuna tsammani ciwon baya ne ya fi cinsa? A'a. Da ya dawo hayyacinsa sai ya riƙe hannun wansa yana kuka, ya ce ya taimaka ya bi gidajen da ya yi wa aiki, a canja wayoyin kafin ƙofofin su faɗa kan wani. Wan ya tambaye shi gida nawa ne. Ya ce: "Yaya, ban sani ba."

Matarsa ta fito da naɗaɗɗun wayoyin nan, ta kakkaɓe ƙurarsu. Wan ya ɗauki wani mai gyara suka shiga bin layi-layi, suna roƙon a buɗe musu gareji su duba bango ko akwai baƙin yatsa. Sun sami wasu. Wasu an shafe da fenti. Wasu ba a ma san unguwarsu ba. Shi kuwa yana kwance kusa da taga. Duk sanda maƙwabci ya ɗaga ƙofarsa ta yi ƙara, sai ya kasa kunne ko zai ji ihu.

To kai mai gyaran birki, kai mai haɗa wayar lantarki, kai magini, kai mai sayar da magani: ina naka girisin? Me tsummanka ya gaya maka ka yi kamar ba ka ji ba? Sana'a amana ce. Wanda ya kira ka gyara, ransa da na 'ya'yansa ya miƙa maka, don shi ba ya ganin abin da kake gani. In ka ga aibi, ka faɗa. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba. Ka fara canja wayar, sannan ka ɗaga hannu ka roƙi tsari. Kuma yau za ka tuba, tun kana iya tuna gidajen, tun ƙafafunka na iya kai ka can.

Ya Allah, kada ka bar mu mu rufe ɓarna da hannunmu sannan mu kira sunanka a kai. Allah ya kiyaye mu daga abin da muka shafa wa wasu, ya kiyaye wasu daga abin da muka shafa. Amin.