Gidan da Ba a Sa wa Gawayi Ba

Akwai wata mata a Filinge, ƙarshen zamanin Nasara, sunanta Tambara. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi Kurmi, ba ta da kowa sai yayarta Albarka, tsohuwa makauniya. Tambara mace ce mai tsabta, amma akwai girman kai. Ko wuta ba ta ɗiba a maƙwabta.

Wata shekara, damina na janyewa, zazzaɓin karya-ƙashi ya shigo gari, wanda yanzu ake kira denge. Mutum ya kwanta kamar an daka shi a turmi.

Ibrah, ma'aikacin likita, ya zana unguwannin garin a bangon asibiti. Duk gidan da ciwon ya shiga, sai ya ɗiga masa gawayi a zanen, ya ja layi da shi a ƙofar gidan. Da haka aka ga hanyar ciwon: daga bakin tabki ya taso, yana bin gidajen da sauro ke haihuwa a randunansu. Ƙofar da ke da gawayi kuwa, mata su kai kunu, maza su ɗebo ruwa.

Tambara ta ce ita ba za a shafa wa ƙofarta baƙi ba, kamar gidan ƙazamai.

Ran da Ibrah ya yi sallama, Albarka na ɗaki jikinta kamar garwashi.

"Inna Tambara, lahiya gidan?"

"Lahiya lau."

"Ba gaisuwa nike ba, Inna, tambaya nike."

"Na ce maka lahiya lau. Ko kurma ne kai? Tahi da gawayinka, ka kai ma mai tuya."

Ya wuce.

Ba a jima ba Tambara ma ta kwanta. Randa ta ƙafe. Tana jin takun mata suna wucewa da ƙorai zuwa gidan Magagi, maƙwabcinta, suna ta sannu da jiki. Babu wadda ta leƙo. Me za su leƙo yi? Ƙofa fes take.

Albarka ta ce da ƙyar, "Tambara, wa ke tahe?"

"Ba wurinmu za su ba, Yaya."

Tambara ta so ta yi kira. Kunya ta riƙe ta da farko, daga baya murya ta ƙi fita.

Can a asibiti Ibrah ya tsaya yana duban bango. Unguwar ta yi baƙi ƙirin, sai gida ɗaya fari a tsakiya. Ya ce, "Sauro bai san girman kowa ba." Ya kira matar Magagi, suka tura ƙofa.

Tambara ta sha ruwa ta farfaɗo. Albarka kuwa ta riga ta cika.

Bayan an watse daga zaman makoki, Tambara ta ɗauki gawayi a murhu, ta dafa bango har ƙofa, ta ja layi da hannunta. Ta zauna a gindinsa. Ciwo ya riga ya bar gari, ba mai duban ƙofofi kuma.

Darasi: "Lafiya lau" amsar gaisuwa ce, kada ka ba mai neman ceton ka ita. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye wa jama'a hanyar gidansa. Ku tura wannan labari ga masu taurin kai irin Tambara, tun akwai mai ƙwanƙwasa musu ƙofa.