Tsumman da Ke Bakin Firij

Akwai wani mutum da ya sayi tsohuwar bas, ya cire kujerunta, ya sa gado da murhu da ɗan ƙaramin firij, ta zama gida mai tafiya. Da kaka ta wuce, sai shi da matarsa Briskila su shiga su zagaya ƙauyuka suna gaishe da 'ya'ya da jikoki. Briskila kuwa tana da ciwon sukari, allurarta tana cikin firij ɗin nan, in ta yi zafi ta lalace.

Wata rana mutumin ya ga ruwa yana tsattsafowa a bakin ƙofar firij kamar gumi. Shi kuwa mutum ne mai son a ce ya iya gyara. Ya ɗauko tsumma ya ninka, ya maƙale shi a saman ƙofar, ya rufe a kansa domin ya shanye ruwan. Kowace safiya ya matse tsumman ya mayar, yana yaba wa kansa. Ruwan kuwa sai ƙaruwa yake yi.

Ran nan suna hanyar zuwa sunan jikarsu, Briskila ta taɓa kwalbar allurar, ta ji sanyinta ya fara raguwa. Asibiti kuwa yana da nisa.

Ta ce, "Maigida, tun da ka sa tsumman nan, ƙofar tana rufuwa kuwa?"

Ya ce, "Ai shi yake taimakonmu."

Ba ta yi gardama ba. Ta zare tsumman, ta wanke robar ƙofar da ruwan ɗumi, ta sa takarda a bakin ƙofar ta rufe. Ta ce ya ja. Ya ja, takarda ta ƙi fitowa. Ashe tsummansa ne ya hana robar kamawa, iska mai zafi tana shiga ta haɗu da sanyi ta zama ruwa. Kafin su isa, ƙofa ta bushe, kwalba ta yi sanyi ƙarara. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, a wurin suna kuma shi da bakinsa ya ba da labarin.

Ma'anar wannan misali ita ce: zuciyarka tana riƙe da abu mai daraja, wato salamar da Ubangiji ya ba ka. Fushi da gunaguni da ake gani a bakinka ruwa ne kawai, alamar akwai kafa. Mu kuwa mun iya sa tsumma: "Haka halina yake," "Shi ya fara." Muna ta matsewa muna mayarwa, kafar tana ƙara buɗewa.

'Yan'uwa, abin farin ciki shi ne firij ɗin bai lalace ba, kai ma ba ka lalace ba. Ka bar wanda yake ƙaunarka ya nuna maka tsummanka, ka zare shi a gaban Allah cikin addu'a. Briskila ta yi allurarta, ta ɗauki jikarta, ta yi rawa har aka gaji aka bar ta.