Gafiya da Rijiyar Kunkuru

Gatanan gatananku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, Iya!

Gafiya dai maginiyar rijiya ce, shekara bakwai tana yi wa Zaki aiki. Tuwo ba ya yankewa a gidan, amma Zaki bai taɓa leƙa ramin ya ce mata ci kanki ba. A hankali hannunta ya yi sanyi, taki ɗaya sai ta wuni tana haƙa.

Rannan Kunkuru ya roƙe ta ta tona masa 'yar rijiya, ladanta gyaɗa tafi guda. Kullum da hantsi sai ya rarrafo bakin rami ya ce, "Sannu da aiki, Gafiya! Kai, dubi yadda kika daidaita gefen nan, kamar an shafe shi da ludayi!"

Gafiya ta ji wani ƙarfi ya zo mata. Kwana uku ta cim ma ruwa, ta kuma yi zamanta a can.

Da rijiyar Zaki ta ƙafe, sai ya biyo sawunta, ya ce, "Me wannan matsiyacin yake ba ki da ban ba ki ba?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sannu yake yi mini."

Zaki ya yi dariya. "Shi ke nan? To, sannu da aiki, Bushiya! Tashi mu tafi."

Gafiya ta dube shi, ta ga ko sunanta bai riƙe ba, ta ɗauki daginta, ta koma cikin rami.

Ƙurunƙus, nan kan ɓera ya faɗi.