Ƙullin Gashin Barira

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalan, amma kada wanda ya tsinka mini magana sai na kai ƙarshe.

Akwai wata budurwa, Barira, 'yar shekara ashirin da biyu. Wata mata da ake kira Hajiya Yalwa ta ɗauke ta da sunan za ta sama mata aikin gida a ƙasar waje. Ranar da za su tashi, Hajiya ta shigar da ita ɗaki, ta sa almakashi ta yanki gashin ƙeyarta, ta yanke mata farce, ta ƙulle su a tsumma da baƙin zare. Ta ce, "'Yata, wannan yana wurina. Ranar da bakinki ya ambaci sunana a gaban hukuma, ranar zan jefa shi a wuta, ke ma ki bi shi."

Da suka isa can, babu wani aikin gida. Ɗaki aka kulle ta, maza na shiga suna fita. Shekara biyu ta yi a haka kafin Allah ya kuɓutar da ita ta dawo gida. Wurin da aka yanki gashin kuwa bai sake tsiro ba, yana nan fili a ƙeyarta kamar bakin kofin shayi.

Aka kama Hajiya Yalwa, aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya bisa laifin safarar mata. Matan da ta kai suna da yawa, amma Barira kaɗai ta yarda za ta ba da shaida. Yarda daban, buɗe baki daban. Sau uku ana tsayar da ita a akwatin shaida. Duk ranar da ta tsaya, sai ta ga Hajiya zaune lafiya lau, ko kallonta ba ta yi, tana dai goga farcen babban yatsa a kan ɗan'uwansa, ƙyas, ƙyas. Nan take sai Barira ta ji ƙaurin gashi ya cika mata hanci, da rana tsaka, a ɗakin da ko ashana ba a ƙyasta ba. Harshenta ya yi nauyi, ta kasa faɗin ko sunan garinsu.

A zama na uku lauyan Hajiya ya miƙe yana gyara riga, ya roƙi kotu ta kori ƙarar tunda babu mai shaida. Barira ba ta jin Turanci, amma ta ga murmushin Hajiya ta gane. In aka kori ƙarar nan, Hajiya za ta koma gida, kuma a gidan akwai murhu.

To, a nan mutum uku suka shigo cikin maganar.

Ta farko ita ce Barista Rakiya, lauyar gwamnati. Na gaba da ita a ofis ya riga ya ce mata ta rufe fayil, ta daina ɓata wa kanta suna a kan mai shaidar da ba ta magana. Ta ƙi. Ta shigar da takardar roƙo cewa a fitar da 'yan kallo, a sa labule tsakanin mai shaida da wadda ake tuhuma, a kuma ƙara mata zama ɗaya. Awa biyu ta yi a tsaye, lauyan Hajiya na suka tana karewa, har muryarta ta dushe. Alƙali ya cire tabarau ya ce ya amince, amma ranar Laraba ce ta ƙarshe. Ba don ita ba, da babu Larabar.

Na biyu shi ne Malam Ilu tafinta, mai juya Hausa zuwa Turanci, mutumin da ya tsufa a kotun nan ba wanda ya taɓa lura da fuskarsa. Ranar Laraba aka sa labule, shi ne ya tsaya a gefen Barira. Labule ya tare ido, amma bai tare kunne ba. Daga can baya sai ga ƙarar nan, ƙyas, ƙyas. Barira ta kai hannu ƙeyarta, ta ce a ƙasan maƙoshi, ba da kowa take ba, "Gashina na hannunta." Ba amsar tambaya ba ce, da wani tafinta ne, da ya bar ta ta wuce. Malam Ilu ya ɗaga murya ya juya ta da Turanci. Lauyan Hajiya ya zabura ya ce ba a tambaye ta wannan ba. Malam Ilu ya ce, "Ya mai shari'a, rantsuwa na yi zan juya duk abin da ya fito daga bakin mai shaida." Alƙali ya rubuta. Ba don shi ba, da ba wanda ya san abin da ya ɗaure ta.

Na uku shi ne Baba Sambo, mai ajiyar kayan shaida. Ya kawo akwatin fasfo-fasfo ne ranar, yana tsaye bakin ƙofa, ya ji kalmar gashi sai wani abu ya faɗo masa a rai. Cikin kayan da aka kwaso daga gidan Hajiya akwai wani kwanon sha mai murfi, an rubuta shi a jeri da sunan tarkace, ba wanda ya damu da shi. Sau huɗu 'yan'uwan Hajiya na zuwa su karɓi kwanon, suna cewa maganin hawan jininta ne. Sau huɗu yana mai da su, don takardarsu babu hatimin kotu. Wata goma sha ɗaya yana zaune da kwanon nan a ɗakin da ba taga. Ya ce ko da zafin bazara kusurwar da kwanon yake sanyi take, kuma tun da aka kawo shi ko ɓera bai sake shiga ɗakin ba. Ni dai ban je na gani ba. Ya rame, matarsa ta yi ta roƙonsa ya rabu da abin, ya ce ba hatimi, ba fita. Ba don shi ba, da tuni kwanon ya koma hannun mai shi.

Baba Sambo ya raɗa wa Barista Rakiya zargin da yake yi wa kwanon, ta roƙi kotu. Aka kawo kwanon, aka buɗe a gaban alƙali. Ƙulli arba'in da ɗaya, kowanne da suna a ɗan guntun takarda. Ƙarar farcen nan ta tsaya cak. Magatakarda ya karanto sunaye har ya zo kan na Barira, aka miƙa mata bayan labule. Ta kwance zaren. Ta rantse daga baya cewa gashin ya fi yadda aka yanke shi tsawo. Ta dube shi, ta gane wata goma sha ɗaya ke nan tana tsoron hannun da ba komai a cikinsa. Ta ce, "Sunanta Hajiya Yalwa." Ta yi magana har la'asar, Malam Ilu na binta da fassara yana share hawaye.

Aka ɗaure Hajiya. Alƙali ya ce a mai da wa kowace mace ƙullinta.

Ga inda gardamar take. A gidan su Barira, mutum ba ya binne gashinsa da kansa. Wanda ka fi amincewa da shi kake ba, ya binne inda ko kai ba ka sani ba. Kakarta ce ke yi mata, kakar kuwa ta rasu lokacin Barira na can a kulle. Barira ta taɓa barin wannan ƙullin a hannun wadda ta kira ta 'yata, ta ga abin da ya biyo baya. Yanzu ga ta a bakin kotu da shi a tafin hannu, tsoro bai gama sakinta ba, ga su su uku a gabanta. Barista Rakiya ta sama mata ranar, amma ita ba ta yarda akwai komai a cikin tsumman ba. Malam Ilu ya fito da maganar, amma sirrinta ya tona ba da izininta ba. Baba Sambo ya tsare kwanon, amma hatimi yake tsaro, bai ma san akwai wata Barira a duniya ba.

Ƙulli ɗaya ne, ba ya rabuwa uku. To, ku faɗa mini, hannun wa ya cancanta ta sa shi?