Ranar da Aka Kashe Tsohuwar Kwamfuta

Akwai wata budurwa a Tudun Wada ta Gusau mai suna Aziza, tana aikin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ba ta manta ranar da ta fara ganin Lukuman, sabon mai kula da kwamfutocin asibitin ba, a 2008. Ya shigo sharkaf da gumi, rungume da ƙaton kwali, yana cewa, "Malama, a ba amarya hanya!"

Amaryar ita ce sabuwar babbar kwamfuta, wadda sauran kwamfutocin asibitin za su riƙa ɗaukar sakamakon gwaji daga wurinta.

"Tsohuwar bit 32 ce, wannan 64," in ji shi. "Lomarta ɗaya, biyu ce ta waccan."

Aziza ba ta yi nisa a boko ba, amma ba ta ganin rubutu ta wuce. Ta karanta littafin da ya zo cikin kwalin, ta ga gargaɗi: a bar tsohuwa tana aiki har a tabbatar kowace manhaja ta karɓi sabuwa.

Ta je za ta gaya masa, ta tarar yana yi wa likita bayani, fuskarsa cike da murna. Sai ta haɗiye maganar.

A ranar ya goge duk abin da ke cikin tsohuwar, aka ba da ita ga wata makaranta a Tsafe.

Ba a daɗe ba aka kawo Inna Ma'u daga Bungudu, jiki ya yi tsanani. Aka ɗebi jininta, amma manhajar na'urar gwaji ta ƙi aiki da sabuwar kwamfuta. Dole aka wuce da ita Sakkwato. Da ƙyar ta sha.

Likita ya sallami Lukuman.

Aziza ta same shi zaune a bakin ƙofa.

"Amarya ba ta da laifi," ya ce a hankali. "Manhajojin ne ba su cim mata ba tukuna. Ni na yi gaggawa."

"Malam Lukuman, na ga gargaɗin. Na yi shiru don kada ranka ya ɓaci."

Ya ce, "Da kin faɗa, da na ji haushi. Amma da na ji."

Ta ce, "To ka shaida. Daga yau ba zan ƙara ɓoye maka gaskiya don ina son ka ba."

Darasi: Sabon abu, komai ƙarfinsa, a gwada shi kusa da tsoho kafin a ɗora masa rayukan mutane. Kuma in kana ƙaunar mutum, ka gaya masa abin da ba ya son ji tun da sauran lokaci. Ku tura wa wanda kuke jin nauyin faɗa wa gaskiya.