Kainuwar da Mourtala Ya Zuba a Tafki

A tsohon garin Agadez an yi wani mutum mai suna Mourtala, wanda Allah ya ba shi ƙwazo amma bai ba shi haƙuri ba. Idan aka ɗora shayi, kafin a zuba na biyu ya miƙe. Ya yi ɗinki ya bari, ya yi dakon albasa daga Tabelot ya bari, daga nan ya wuce Djado haƙar zinariya. Can Allah ya tarfa wa garinsa nono, ya dawo da abin da zai ishi mai natsuwa ya kafa shago. Shi kuwa sai ya ce jirgin ruwa zai saya.

Yayarsa Tabawa, wadda ta rene shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Kai da ba ka san ruwa ba sai in ƙoramar Telwa ta kawo, mi ya haɗa ka da jirgi?"

"Yaya, kifi na da tsada garin nan. Akwai babban tafki bisa hanyar Tahoua, can zan sa shi."

"To ka tambayi masu wurin kafin ka taka."

Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya tafi Gaya bakin kogi, ya zuba duk abin da ya samo a kan wani kwalekwale mai inji. Mai sayarwa ya gargaɗe shi kada ya bari katakon ya bushe a hanya. Da Mourtala ya waiga ya ga kainuwa ta rufe gaɓa, kore shar da fure mai kyau, sai ya kwaso ya cika cikin jirgin, ya lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, aka ɗora jirgin a kamiyo, babbar motar kaya.

Ya iso tafkin ya tarar ana rigima. Masu mashigai, wato masu kula da wuraren da ake ɗaure jirage, sun sa doka da yardar hukumar gari. Duk jirgin da ya fito daga wani ruwa sai an kankare shi, an wanke, an kife shi ya sha rana, kuma kowane mai jirgi zai riƙa biyan kuɗin wannan aiki. Masu jirage suka ce ba su yarda ba, wai masu mashigai aljihunsu kawai suke cikawa. An sa za a zauna bayan ranar kasuwa a sasanta.

Shugaban masu mashigai, wani dattijo mai suna Nomau, ya leƙa cikin jirgin Mourtala ya ɗaga buhu. Nan take fuskarsa ta canza.

"Baƙo, wagga ciyawa ba ta shiga ruwanmu. Ka biya a ƙone ta, a wanke jirgin, a shanya shi."

"In biya a kashe ɗanyen ganye? Baba, garinmu sai raƙumi ya wuni yana jan guga kafin mu ga kore. Kuma an ce kada katakon ya bushe."

"Katako in ya bushe, ruwa na mai da shi. Tafki in ya shaƙe, wa zai buɗe shi?"

Mourtala ya yi tsaki. Ya koma cikin masu jirage ya fi kowa ɗaga murya, shi da ko yini bai yi a wurin ba. Suka yi ta zuga shi, don sun sami mai faɗa musu abin da suke son ji. Amma ko su sun yarda a jira ranar zaman. Shi ne dai jiran ya gagara. Ya zauna ya tashi, ya zagaya kamiyo, ya dubi masunta suna fitowa da kifi, ya ji kamar daga aljihunsa ake kwashewa. Da rana ta take, mutane sun shige inuwa, ya sa direba ya zagaya can ƙarshen tafki bayan itatuwa, suka tura jirgin ruwa. Kainuwar kuwa ya watsar da ita da hannunsa, yana cewa kifi ma ya ɗanɗana abincin kogi.

Da farko abin ya yi daɗi. Ya ɗauki masunta aiki, yana aika kifi Agadez, har ya kira Tabawa a waya yana mata dariya. Da ya ga ganyen ya fara yaɗuwa a lungun da ya zuba shi, murna ma ya yi.

Kafin damina ta zagayo, lungun ya cika, iska ta kora kainuwar tsakiya. Yau a share nan, gobe ta rufe can. Taru ya daina nutsewa. Injin Mourtala ya riƙa naɗe saiwa yana mutuwa, har ranar da ya ƙone gaba ɗaya, jirgin ya tsaya cak a tsakiyar kore kamar an dasa shi. Ruwa ya fara wari, kifi ya taso ciki sama. Makiyaya suka kawo shanu suka rasa ta inda za su sha. Mourtala ya kasa ci, ya kasa zama, kullum yana bakin gaɓa da lauje yana sara, abin da ya sare da safe ya dawo kafin la'asar. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san kowa ya san daga inda ta fito.

Masu jirage da masu mashigai, da suka shekara ba sa ga maciji, rana ɗaya suka haɗa baki. Waɗanda suka zuga shi su ne suka fara nuna shi da yatsa. Aka jawo jirginsa da igiya, aka ce kada ya ƙara taɓa ruwan nan. Nomau bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ga shi nan, ɗan nan. Yanzu kowa zai biya, kuma ba kifin da za a biya da shi."

Ba wanda ya taya jirgin, don wa zai sayi jirgi a tafkin da ya toshe? Wani direban albasa da zai koma wayam ya tausaya masa ya ɗauko su tare. Har yau jirgin yana tsakar gidan Tabawa a Agadez, katakon ya tsattsage, awakinta na cin dusa a ciki. Rana kuwa, wadda Mourtala ya hana shi sha na ɗan lokaci, yanzu kullum yana shan ta daga fitowa har faɗuwa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baƙo ya tambaya kafin ya raina dokar da ya tarar, domin abin da yake albarka a garinku yana iya zama annoba a garin wasu. Idan kana ganin an cuce ka a kuɗin da aka sa, ka zauna a yi magana, kada ka huce a kan ruwan da kowa ke ci daga gare shi. Mai gaggawa yakan guje wa ƙaramar asara ya faɗa babba, ya kuma ja waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.