Ƙwaryar Geron Akawal

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki mai baƙin doki ana ce masa Akawal, wanda yake so kamar ransa. Wata safiya aka kwance dokin daga turke, sai ga shi yana ɗingishi, kofatansa na gaba sun yi zafi. Sarki ya fusata, ya ce duk wanda ya jawo wannan za a kore shi daga ƙasa, shi da iyalinsa. Fadawa, da yake ba su rasa wanda za su nuna, suka ce ai Mantau ne, tsohon da ke yanko ciyawa, shi ya haɗo da muguwar ciyawa. Aka jefa Mantau kurkuku.

Shamaki Jatau, mai kula da barga, yana tsaye aka tafi da tsohon, bai ce uffan ba. Alhali shi ya san abin da ya aikata. Wata guda kafin nan wani baƙo ya ce Akawal ya ɗan rame, Sarki ya ɓata fuska. Tun ranar Jatau ya riƙa ɗura wa dokin gero ninki uku a ɓoye, ya kuma hana a motsa shi, wai kada ƙibar ta zube. Yanzu ga doki a gurgunce, ga tsoho a ɗaure. Kunya da tsoro suka hana Jatau sakat. Kullum ya yi niyyar faɗa, sai ya tuna 'ya'yansa, ya ce sai gobe.

Rana ta tara Waziri ya kawo wata Bafulatana, Inna Jumare, wadda ta san maganin dabbobi. Ta shafa kofatan, ta dubi tumbin dokin, ta yi wa Waziri raɗa. Waziri ya kalli Jatau sau ɗaya, sa'an nan ya faɗi gaban Sarki.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta ce ciwon iri biyu ne. In muguwar ciyawa ce, a cika masa ƙwarya da gero ya samu ƙarfi. Da a ce hatsi ne ya yi masa yawa har ya sauka a kofato, to, wannan ƙwaryar ita ce ajalinsa. Amma tunda an tabbatar ciyawa ce, Shamaki ya ba shi da hannunsa."

Aka miƙa wa Jatau ƙwarya. Ya nufi turke. Akawal ya gane mai ba shi abinci, ya yi ƙaramar haniniya, ya miƙo wuya duk da ciwon da yake ji. Saura kaɗan bakinsa ya kai, sai Jatau ya kifar da ƙwaryar, ya zube gaban Sarki yana kuka.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Gero na ɗura masa don a yabe ni. Mantau ko laifin ƙwayar zarra ba shi da shi. Na ga ana jan sa, na yi shiru."

Sarki ya dube shi. Sai ya ce, "Dokin ka tausaya wa, Jatau. Mutumin kuwa kwana tara ka bar shi."

Ya sa aka saki Mantau, aka ba shi riga da shugabancin barga. Waziri ya roƙa kada a kori Jatau, tunda da bakinsa ya faɗa. Sarki ya yarda, amma ya tuɓe shi, ya ce daga yau shi zai riƙa yanko ciyawa a ƙarƙashin Mantau.

Inna Jumare ta hana dokin hatsi, sai busasshiyar ciyawa. Ta riƙa ba shi jiƙon sabara da 'yar kanwa, tana ɗaure kofatan da dakakkiyar bagaruwa, kowace hantsi kuma a kai shi rafi ya tsaya cikin sanyin taɓo. Sannu a hankali zafin ya fita, gashinsa ya dawo da sheƙi. Bayan kwana arba'in Akawal ya taka ƙasa daram, gari ya yi murna, fada ta koma yadda take.

Sai dai marin ƙarfen da aka sa wa Mantau a kurkuku ya ci idon sawunsa har ƙashi. Inna Jumare ta gwada duk abin da ta sani, rauni ya rufe, amma ƙafar ba ta miƙe ba. Jatau ya durƙusa ya nemi gafara, tsohon ya ce, "Na yafe, tashi mu je, rana na yi."

Haka suka riƙa fita kowace safiya har ƙarshen ran Mantau: doki a gaba yana takawa lafiya lau, tsoho a gefensa yana jan ƙafa, Jatau a baya da lauje, yana kallo.